Wasan dara da mutane ta intanet: wanne ya kamata ka zaɓa?

Kafin ka fitar da kuɗi ko ka cika na'urarka da manhajoji, ka fara amsa wa kanka tambaya ɗaya: wa zai riƙe ƙa'idar wasan? Kwamfuta ce za ta zama alƙali, ta hana kowa motsa ɗan da bai kamata ba, ko ku ne za ku riƙe amana a tsakaninku kamar yadda ake yi a kan tebur na zahiri? Maganar farashi da kyawun zane da yawan wasanni duk a bayan wannan suke.

Idan da baƙin ido za ka yi wasa, mutanen da ba ka san su ba kuma ba su san ka ba, to alƙali kake bukata. A nan Board Game Arena ya yi fice. Wasu Faransawa biyu, Grégory Isabelli da Emmanuel Colin, suka kafa shi a 2010, kamfanin Asmodee ya saye shi a 2021. Ba sai ka sauke komai ba, shafinsu kawai za ka buɗe, a waya ko a kwamfuta. Akwai ɗaruruwan wasanni, daga ces da diraf da backgammon har zuwa na zamani irin su Catan da Carcassonne, kuma na'ura ce ke lissafa maki, ita ke hana ha'inci. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin bi da bi: ka yi motsinka da safe, abokin karawarka da ke wata nahiyar ya mayar da martani da dare, wasa ɗaya ya kwashe mako guda ba wanda ya takura. Ga mai aiki ko mai intanet da ke yawan yankewa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Wasu wasannin sai mai biyan kuɗin rajista ne zai iya buɗe teburinsu, amma ko ba ka biya ba kana iya zama a teburin da wani ya buɗe. Ke nan a cikin abokai biyar, mutum ɗaya ya biya ya wadatar. Ka dai guji tserewa a tsakiyar wasa, domin kimar da shafin ke ba kowane ɗan wasa za ta ragu maka, kuma kowa yana ganinta.

Tabletop Simulator kuwa wani abu ne daban. Kamfanin Berserk Games ya fitar da shi a 2015, ana sayar da shi a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a kan dala 19.99, kuma kwamfuta yake bukata. Tebur ne kurum aka ba ku a cikin ɗaki, da kayan wasa masu nauyi da motsi kamar na gaske, har mutum 10 za su iya zama. Kowa yana da ɗan hannu a kan allo. Ka ɗauki dayis da linzamin kwamfuta, ka girgiza, ka wurga, ka ga yana gangarawa har ya bugi gefen allon ludo ya tsaya. Idan ka saki ɗan ces da garaje, sai ya kife a kan na kusa da shi. Har da maɓallin kifar da tebur gaba ɗaya, wanda mai ɗakin zai iya kashewa. A yawancin teburorin ba mai hana ka ajiye doki a gidan da ba nasa ba, sai idon abokanka. Shi ya sa da aminai ko 'yan'uwa da nisa ya raba, kuna hira da murya kuna gardama a kan wane ne da jifa, babu kamarsa. Da baƙi kuwa ban cika ba da shawararsa ba, saboda mutum ɗaya marar haƙuri ya isa ya ɓata muku dare. Kuma kowane ɗan wasa sai ya sayi nasa, ka saka wannan a lissafi.

Sai kuma teburorin da ke cikin manyan wasannin bidiyo da dubban mutane ke yawo a duniya ɗaya. A Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix, tun 2019 aka saka mahjong, wasan da ake yi da ƙananan tubala masu zane, irin na Japan, a gidan nishaɗin Gold Saucer, mutum huɗu suna zama a tebur, har da matakan ƙwarewa. Sai ɗan wasanka ya kai mataki na 15 kafin a buɗe maka ƙofar wurin. A VRChat, wanda kyauta ne kuma ba lallai sai da tabaran VR (gilashin da ake sawa a ido mutum ya ji kamar yana cikin wasan) ba, jama'a sun gina ɗakuna masu allon ces da sauran wasanni, ka shiga ka tarar da 'yan kallo sun kewaye masu bugawa suna surutu. Akwai daɗi a wannan, daɗin zama cikin mutane. Amma gaskiya ɗaya ce: idan dama can kana cikin wasan, teburin riba ce a gare ka, idan kuwa saboda teburin kaɗai za ka sauke wasa mai cin gigabait masu ɗimbin yawa, ga kuɗin wata-wata a cikakken Final Fantasy XIV, ka sayi doki ne don kana son linzami.

Mai na'urar wasan bidiyo ta Nintendo Switch yana da Clubhouse Games: 51 Worldwide Classics, na 2020. A ciki akwai ludo, ces, diraf, domino, carrom da dara mai ramuka, tare da koyarwa mai sauƙi da yara ma za su gane. Don bugawa da na nesa sai da rajistar Nintendo Switch Online.

Wanda wasa ɗaya tak yake so, kada ya wahalar da kansa da duk waɗannan. Mai son ces ya nufi Lichess, wanda Thibault Duplessis ya fara a 2010: kyauta ne baki ɗaya, babu talla, da gudummawar masu amfani da shi yake tafiya, kuma bayan wasa Stockfish, manhajar nazarin ces, zai nuna maka inda ka yi kuskure. Chess.com ya fi shi darussa da yawan jama'a, sai dai wasu abubuwan na masu biya ne. Na diraf akwai Lidraughts, amma ka lura da allon: na ƙasa da ƙasa gida 10 sau 10 ne, kowa da 'ya'ya 20, alhali ƙaramin allon 8 sau 8 'ya'ya 12 ne, kuma dokar cin baya ta bambanta daga wani salo zuwa wani.

Ludo ne wurin da nake so a fi yin hattara. Ludo King na kamfanin Gametion na Indiya, wanda ya fito a 2016, shi ne sananne, kuma yana ba ka lambar ɗaki da za ka tura wa abokanka su shigo. Amma manhajojin ludo sun yi yawa, kuma ba duka ne na kirki ba. Na taɓa sauke wata da talla ke tsinke ni bayan kowane wasa, sannan ta fara tura ni sayen sulallan cikin wasa kafin in zauna a tebur. Wasu ma da kuɗi na gaske ake zubawa, wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce, ko da wane suna aka kira ta, kuma ba zan saka wa yaro irinta a waya ba.

Duk wanda hankalinka ya kwanta da shi, gwada na kyauta tukuna, kuma a daidai lokacin da ka saba samun sarari. Ka buɗe tebur ka duba agogo, ka ga minti nawa za ka yi kafin wani ya zauna. Sannan ka tambayi waɗanda kake son bugawa da su irin na'urar da ke hannunsu, domin idan uku daga cikinsu waya kaɗai gare su, maganar Tabletop Simulator da Switch ta ƙare tun daga nan.