Kallon tsuntsaye a Shetland da kaka: jagora ya ci kuɗinsa

Wanda burinsa ya ga puffin, tsuntsun nan mai baki kala-kala da ake sawa a hotunan talla, kada ya ɓata kuɗinsa zuwa Shetland, tsibiran da ke arewacin Scotland, a ƙarshen Satumba. Tun cikin Agusta suke komawa teku. Kamfanin yawon buɗe ido da na bi ya faɗi haka, amma can ƙasan takarda, inda ba kowa zai lura ba.

Abin da ake zuwa nema da kaka shi ne baƙin tsuntsaye masu ƙaura da iskar gabas ke karkato da su daga Sikandinebiya da Saiberiya. To a nan jagoranmu ya ci kuɗinsa. Shetland ba ta da itatuwa sosai, don haka tsuntsun da ya gaji sai ya faɗa lambun wani gida ko cikin kwata. Ni da na wuce abina, amma mutumin nan zai tsaya cak, ya karkata kunne, ya ce mu jira. Haka muka ga yellow-browed warbler, ɗan mitsitsi mai ratsin rawaya a saman ido, bai kai gwara ba, yana tsalle a reshe ɗaya, alhali daga dazukan Saiberiya ya taso. Madubin hangen nesa ma aro ya ba ni, ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Fair Isle ce ta fi burge ni. Tsibiri ne tsakanin tsibiran Orkney da na Shetland, mazaunansa ba su kai 100 ba. George Waterston ya kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a can a 1948, ginin ya ƙone a 2019. Akwai tarkunan raga masu faɗin baki jikin katangun dutse. Ana kama tsuntsu, a auna shi, a sa masa zobe a ƙafa, a sake shi. Da aka nuna mana wani ɗan tsuntsu mai suna wheatear aka ce irinsa a Sahel yake cin rani, sai na ji kamar na haɗu da ɗan gari. Wataƙila ma ya riga ni isa gida.

Sai dai fa iska ce mai iko. Ƙaramin jirgin saman da ke zuwa Fair Isle daga Tingwall, a babban tsibirin Shetland, ba ya tashi in akwai hazo, jirgin ruwa daga tashar Grutness kuwa awa biyu da rabi ne na jijjiga, mai saurin amai ya sha magani tun a ƙasa. Laifin kamfanin shi ne bai tanadi komai ba a ranar da tafiya ta fasa, muka yini a mota muna kallon ruwan sama.

Abinci ba matsala in kana cin kifi. Kuɗin da tsada, amma zan sake biya saboda jagoran. Ka dai bar rarar kwana kafin jirginka na komawa birnin Aberdeen na Scotland, kuma ka zo da takalmin roba da rigar ruwa ta gaske.