Jet ko farfela: wanne ya dace da kogunan Kano?

Alhaji, ka ce kana son jirgin da za ka riƙa fita kamun kifi da shi a kogin Wudil da na Challawa, har da rani lokacin da ruwa ke ja baya. Ka ga bidiyon jirage masu jet suna tsala gudu a ruwan da bai kai ƙauri ba, shi ne kake tambaya ko shi za ka yi oda maimakon injin farfela da kowa ya sani. Abin da ka gani a bidiyon gaskiya ne. Sai dai kogin da aka ɗauke shi da namu ba ɗaya ba ne, kuma nan maganar take.

Duk wanda ya taɓa tayar da injin ban-ruwa a Kadawa ya riga ya san jet. Yana zuƙo ruwa ta ƙarƙashin jirgi, wata fanka da ke cikin gida ta matsa shi, ya feso ta bututu a baya da ƙarfi, feshin nan ne ke tura jirgin. Babu abin da ya leƙo ƙasa da cikin jirgi. Farfela kuwa tana can ƙasa, ita da ƙafar injin sun nutse kusan ƙafa ɗaya ko fiye, duk abin da ke kwance a ruwa ita zai fara samu. Wani manomi ɗan New Zealand mai suna Bill Hamilton ne ya fito da jet ɗin da ya yi aiki sosai, a 1954, saboda kogunan ƙasarsu masu faɗi ne marasa zurfi, ruwan garau, ƙasan tsakuwa da duwatsu. A 1960 jiragensa suka haura kogin Colorado na Amurka ta cikin Grand Canyon, suna fuskantar ruwa. To ka ji irin wurin da aka ƙera shi dominsa: dutse a ƙasa, ruwa mai gudu, ba shara.

A wajen wuce ruwa marar zurfi, babu gardama, jet ne gaba. Amma akwai sharaɗin da bidiyo ba ya nunawa. Sai jirgin ya ɗauki gudu ya taso saman ruwa sannan yake wuce inci 4 ko 6. Da zarar ka saki totur, ya zauna, ya nutse daidai nauyinsa kamar kowane jirgi. In kuma a kan tudun yashi ya zauna, ka ba shi wuta a nan, yashin zai zuƙa. Dole ka sauka ka ja shi zuwa wuri mai ɗan zurfi kafin ka sake tashi. Shi kuwa kamun kifi ba aikin gudu ba ne. Mai shimfiɗa kalli ko mamari a hankali yake tafiya, mai jefa birgi tsayawa yake yi, mai fatsa ma haka. A wannan tafiyar ta sannu jet ba shi da daɗin tuƙi, domin da feshin ruwan yake juyawa: ba wuta, ba sitiyari. Iska ta kaɗa, sai ka ga gindin jirgin yana zamewa gefe. Ribas ɗinsa ma wani marfi ne ke saukowa ya mayar da feshin gaba, ba shi da ƙarfin na farfela.

Sannan ga yashi. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan su zama kogin Hadeja, kuma duk tsawon nan abin da ke ƙasa yashi ne, shi ya sa tifofi ke layi a bakinsu. Fankar jet tana juyawa ne a cikin wani zobe, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai milimita ɗaya ba. In ka kwance ta bayan ta sha yashi, za ka ga bakin fankar ya dakushe, cikin zoben ya yi zane-zane, in ka sa farce sai ka ji kwarin. Tazarar na ƙaruwa, ƙarfi na raguwa: injin yana ihu, mai yana tafiya, jirgin ya ƙi tasowa. Akwai 'yan washa da ake mayarwa bayan fankar a rage tazarar, amma in sun ƙare sai sabon zobe, wani lokacin da sabuwar fanka. Ta ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi ta alminiyom jure yashi, ta kuma fi ta tsada. Farfela ma yashi yana cin ta, amma ko ta ɗan ci tana tura jirgi, in ta lanƙwashe kuma a bakin ruwa za ka cire ta ka sa wata da sifana ɗaya.

Abin da ya fi yashi ban haushi shi ne shara. Bakin da jet ke zuƙo ruwa yana da raga ta ƙarfe. Ledar fiya-wata guda biyu in suka manne a nan, tafiya ta tsaya. Sai ka kashe inji, ka ɗaga shi, ka sa hannu kana zaro leda da kainuwa da guntun tsumma daga tsakanin ƙarafan. In igiyar kalli ce ta wuce ragar ta naɗe sandar fankar, wannan sai an kwance. Ka tuna duk ledar da ruwan sama ya kwasa daga kwatocin kudancin birni, kogin nan take nufa. In kuma wata rana sha'awa ta kai ka fadamun Hadeja da Nguru, inda kacala ta cinye hanyoyin ruwa, jet zai zame maka kaya. Farfela ma ciyawa na naɗe ta, amma a fili take, ka ɗaga ka yanke da wuƙa ka ci gaba.

Ƙarfi da mai: jet yana zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin injin. Shi ya sa za ka ga an rubuta lamba biyu a jikin irin waɗanda ake ratayawa a bayan jirgi, kamar 60/40 ko 90/65. Ta farko ƙarfin dokin injin ne, ta biyu abin da ke isa ruwa. Wato kuɗin mai doki 60 za ka biya, man mai doki 60 za ka sha, aikin mai doki 40 za ka samu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wannan lissafin ba na wasa ba ne. Kuma jet ba ya son lodi. Ka ɗora mutum huɗu da kula cike da ƙanƙara da jarkokin mai, ƙaramin jet ba zai taso ba, in bai taso ba kuwa amfaninsa ya ƙare.

Kada ka ɗauka za ka saye shi ka rataya a kwalekwalen katako. Yana son jirgi marar nauyi, mai shimfiɗaɗɗen ciki, yawanci na alminiyom, kuma bangon bayan sai ya fi na mai farfela tsawo da inci 6 ko 7, don bakin zuƙon ya zo daidai da cikin jirgin. Ya yi sama ya sha iska, ya yi ƙasa ya ja ruwa. Irin wannan shimfiɗaɗɗen jirgin kuma, ranar da ka kai shi Tiga iska ta taso da yamma, dukan igiyar ruwa za ka sha har ƙugunka ya gaya maka. A dam, ko Tiga ko na Karaye ko Bagauda, zurfi ba matsala ba ne, jet ba shi da abin da zai ba ka a can.

Maganar gyara gajeriya ce. Yamaha Enduro mai doki 15 ko 40 shi ne injin masunta da masu fito a ƙasar nan, daga Yawuri har Baga, makanikansa da kayansa ba sa wuyar samu. Kayan jet kuwa oda ne da dala, ka jira, ka bi ta kwastan. Boris ɗinsa kuma yana son giris bayan kowace fita, in aka yi sakaci ruwa ya shiga, shi ke nan.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, ni kuma shi na fi so ka duba: mai doguwar jela, irin na mutanen Tailan. Injin fetur ne na gama-gari, mai doki 6.5 ko 13, irin wanda ke jikin famfon ban-ruwa, an haɗa masa doguwar sanda da ƙaramar farfela a ƙarshe. Sandar a kwance take shiga ruwa, kai ne kake ɗaga ta ko ka nutsa ta da hannu gwargwadon zurfi, tana ratsa taɓo da ciyawa inda jet zai shaƙe. Kowane mai gyaran janareto a unguwarku zai iya da injin. Aibinsa ƙara, da gajiyar kafaɗa, da rashin ribas a yawancinsu, kuma farfelar a waje take tana lilo, sai an yi hattara da mutane a bakin gaɓa.

In da ni ne da kuɗin, injin farfela mai doki 15 mai gajeriyar ƙafa zan saya, bai kai kilo 50 ba, ana cire shi a sa a but a koma gida da shi. In an zo tudun yashi a ɗaga shi a tura da gora, kamar yadda masunta ke yi tun kafin a gina Tiga a 1974. Ragowar kuɗin a sayi farfela ta biyu da rigunan kariya na kowa da kowa. Kifewar jirgin Bagwai a ƙarshen 2021 a ruwan dam ta faru, ba a teku ba. A kogi ma, inda ka ga ruwa iya ƙauri, taku kaɗan gaba ramin masu haƙar yashi ne da zai shanye mutum, ga shi zurfin yana canzawa da yadda aka sako ruwa daga dam.

Jet zai dace da kai ne kawai in hanyar da za ka riƙa bi doguwa ce, mai duwatsu a ƙasa, ruwan ba leda ba ciyawa, ku biyu ne a jirgin, kuma kuɗin mai ba ya damunka. Kafin ka tura ko sisi, ka je Wudil a watan Afrilu, ka gaida sarkin ruwa, ka roƙi a haɗa ka da masunci ya zaga da kai a kwalekwale da sanda a hannunka kana auna zurfi. Shi zai nuna maka inda aka shimfiɗa kalli, don mai jirgin inji da ya yanke wa mutane raga ba ya daɗewa a ruwan. In bayan haka har yanzu jet kake so, ka sa a haɗo maka da fanka ta biyu, da zobe biyu, da washa, da bindigar giris, duk a oda ɗaya.