Sharhi kan Intl.Collator: yadda ya yi mana aiki da sunayen Hausa da na Larabci

Ina kula da shafin intanet na wani ƙaramin ofishin aika kaya a Jidda, irin waɗanda alhazai da 'yan Umara ke kawo wa jakunkunan dabino da jallabiyoyi a tura musu Kano ko Zinder. Aikin shafin shi ne mutum ya rubuta sunansa da lambar rasit ya ga inda kayansa suka kai. Tun bayan aikin Hajjin da ya wuce nake amfani da Intl.Collator, wani kayan aiki na kwatanta kalmomi da jera su a JavaScript, yaren da ake rubuta aikin shafukan intanet da shi, wajen kwatanta sunan da mutum ya rubuta da wanda aka adana, kuma ina ganin ya cancanci a faɗi alherinsa.

Kafin nan da alamar === ta JavaScript nake kwatantawa, ita kuwa lambar da kwamfuta ta ba kowane harafi take dubawa, ba ruwanta da abin da ido ya gani. Mutum zai kwafo sunansa na Larabci daga WhatsApp, wata ɓoyayyiyar alama mai lamba U+200F, wadda ke nuna rubutu daga dama zuwa hagu, ta maƙale a ƙarshe. Ba a ganinta, trim, umarnin da ke share sarari a farko da ƙarshen rubutu, ba ya cire ta, sai shafi ya ce babu mai wannan suna. Maigidan ofishin kan kira ni ya ce, "Malam, ga suna nan ina gani da idona, me ya hana kwamfutarka gani?" Kuma yana da gaskiya.

Collator ba sabon abu ba ne, yana cikin ECMA-402, ƙa'idar JavaScript ta kula da harsuna daban-daban, da ta fito a 2012, kuma ba sai ka sauke komai ba, yana cikin burauza. Shi dama ba ya kula da ɓoyayyun alamun nan. Da na saita sensitivity, wato tsaurin kwatancinsa, a kan base, matakin da ke duba ainihin harafi kawai, sai ya daina bambanta babban baƙi da ƙarami, wasulan Larabci irin su fataha da kisira ma suka daina hana suna dacewa. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne jeri. A da Ɗanladi can ƙasan Zubairu yake faɗawa, domin lambar Ɗ ta fi ta Z girma. Yanzu ɗ na bin d, ƙ na bin k, kamar yadda aka koya mana a firamare. A ƙirƙiri Collator sau ɗaya a yi ta amfani da shi, ya fi sauri a kan kiran localeCompare, wani umarnin kwatanta kalmomi, ga kowane suna.

Inda ya tsaya shi ne baƙaƙenmu masu lanƙwasa. A wurinsa Danladi da Ɗanladi sunaye biyu ne, kuma haka ya kamata, tunda d da ɗ baƙaƙe ne daban. Sai dai fasfo ba ya ɗauke da lanƙwasa, wayoyin mutane da yawa ma haka. Na gwada normalize, umarnin da ke iya raba harafi da alamar da ke kansa, wanda ya zo da ES2015, bugun JavaScript na 2015, da fatan zai raba lanƙwasar da harafin kamar yadda yake raba أ zuwa alif da hamza. Ba ya yi, domin a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowanne harafi ne guda da ba ya rabuwa. Dole na rubuta ɗan layin umarni da ke mayar da su k, d, b, y a kwafin da ake bincike da shi kawai. Sunan da aka adana ba na taɓa shi, wanda ya rubuta Ɗanladi da lanƙwasa haƙƙinsa ne ya gan shi haka a rasit. A layin ne kuma na haɗe alamun da ke tsakiyar Sa'adatu da Mas'udu, don waya kan sa lanƙwasasshiyar mai lamba U+2019, kwamfuta ta sa miƙaƙƙiyar mai lamba U+0027.

Lambobi kuwa ba na ba Collator su. Lambar iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, alƙaluma 10 ce, da yawa a nan suna rubuta ta da lambobin Larabci, kuma "١٢٣" ba daidai yake da "123" ba a wurin ===. Ina juya su da kaina sannan in kwatanta da tsauri, don sassaucin da ya dace da suna zai iya sa a miƙa wa mutum kayan wani. Kalmar sirri ma kada a kusantar da ita gare shi.

Ga mai shafin da Hausa da Larabci ke haɗuwa a akwati ɗaya, ina ba da shawarar a ɗauke shi don bincike da jeri, a tanadi layin lanƙwasar tun ranar farko.