Rubutu mai haske a ƙofar shago: niyon na gilashi ko na roba?

Mai kemis a Birnin Kebbi ko mai gidan abinci a Jega, in ya je neman rubutu mai haske da zai rataya a ƙofar shago, duk abin da aka miƙo masa niyon za a kira shi. Alhali kaya biyu ne daban, kuma gara ka san wanne ne a hannunka kafin ka zaro kuɗi.

Niyon na asali iska ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kama wuta. Daga iskar da muke shaƙa ake tace ta, kuma ƴar kaɗan ce a ciki, kusan kashi 18 cikin miliyan. Masana kimiyya William Ramsay da Morris Travers suka gano ta a Landan a 1898, Georges Claude kuma ya nuna fitilarta a Faris a 1910. Ana ɗura ta a bututun gilashi da aka lanƙwasa ya zama haruffa, da an ba ta wuta sai ta yi ja mai ruwan lemo, kamar garwashi. Ka ma taɓa ganinta: ɗan hasken nan na cikin testar mai gyaran wuta, ita ce. In ka ga bututu mai shuɗi, wannan ba niyon ba ne, galibi iskar agon ce da tururin makuri, mai guba, don haka a yi hattara in ya fashe.

Maganar kyau, wallahi na gilashin ya fi, kuma yakan yi shekaru bai dusashe ba. Sai dai yana buƙatar taransifoma mai ɗaga wuta zuwa bolt dubbai, wani har 15,000. Ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina, ga yara masu jifa. Ya tsage ko kaɗan, iskar ta tafi, gyaransa kuwa sai gwanin lanƙwasa gilashi. Tambayi mai sayarwa wa zai gyara maka, a wane gari yake.

Na robar ƙananan ƙwayayen LED ne a jere cikin roba mai lanƙwasuwa, babu niyon a cikinsa ko ɗigo. Galibi da bolt 12 ko 24 yake aiki, ba ya cin wuta sosai, ba ya fashewa, ana yanka shi a inda aka yi alama. Ga wanda ke kan sola da batir, ko ƙaramin janareta, shi nake ba da shawarar a saya. Rauninsa zafi ne, zafin Afrilu a Kebbi kuwa yakan haura digiri 40. Mai araha yakan dusashe, robar ta koma rawaya. Nemi na robar silikon mai lambar IP65 (alamar jure ƙura da ruwa) ko sama da haka, ka rataya shi ƙarƙashin rumfa, kada kuma ka yi ƙwauron kuɗin adafta, don ita ce takan fara ƙonewa.

In da rana cinikinka yake, duk biyun ba za su yi maka abin kirki ba. Akwatin fitila mai rubutu a fuska ya fi, ana karanta shi ko babu wuta.

Sa a kunna maka kayan a gabanka. Taɓa shi tun yana kashe, ka ji gilashi ne ko roba, sannan a rubuta a rasit ko wanne ka biya.