Akwatin Gwajin Ruwa na API Ga Mai Fara Kiwon Kifin Teku

Wanda ya ƙuduri aniyar kafa tankin kifin ruwan gishiri a karon farko yakan mayar da hankalinsa kan girman gilashi da hasken fitila da kyawun kifin da zai zuba, alhali abin da ke yanke hukuncin ko kifin zai rayu ba a ganinsa da ido. Ruwa yana iya kasancewa garai-garai amma yana ɗauke da guba. Wannan ne ya sa nake ganin akwatin gwaji na kamfanin API mai suna Saltwater Master Test Kit ya cancanci a saye shi tun kafin a sayi kifi ko ɗaya, duk da cewa yana da iyakokin da ya kamata mai saye ya sani.

A cikin akwatin akwai kwalabe 6 na ruwan sinadari, da bututun gilashi 4 masu murfi waɗanda aka yi wa layi a kan mililita 5, da katin launuka, da ɗan littafin bayani. Abubuwa huɗu yake aunawa: amoniya, da naitirait mai alamar NO2, da naitiret mai alamar NO3, da kuma pH, wato matsayin tsamin ruwa. Ana ɗebo ruwan tanki zuwa layin, a ɗiga sinadari, a girgiza, sannan a kwatanta launin da ya fito da na jikin kati.

Amfaninsa mafi girma yana bayyana ne a makonnin farko, lokacin da babu komai a tanki sai yashi da duwatsu da ruwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, kuma gubar amoniya tana ƙaruwa idan pH ya yi sama, shi kuwa ruwan teku yana tsayawa ne tsakanin 8.1 da 8.4, don haka ɗan adadin da kifin ruwan daɗi zai iya jurewa yana iya ƙona sassan numfashin kifin teku. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin duwatsu da cikin yashi: rukuni ɗaya yana mayar da amoniya naitirait, wani kuma yana mayar da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta waɗancan ba. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita, kuma sai an ciyar da su da ɗan abincin kifi ko tsurar amoniya. Da wannan akwati mutum zai bi tafiyar mataki-mataki: bututun amoniya ya tashi daga ruwan ɗorawa zuwa kore sannan ya koma, na naitirait ya bar shuɗi ya zama shunayya sannan ya dawo shuɗi, na naitiret kuma ya fara yin ruwan goro. Sai biyun farko sun tsaya a kan sifiri, naitiret ya bayyana, sannan tanki ya isa karɓar kifi. A ra'ayina wannan aiki kaɗai ya isa dalilin mallakarsa, domin yana cire zato daga lamarin da gaggawa ke hallaka kifi a cikinsa.

Gwajin naitiret ne ke neman kulawa ta musamman. Kwalaben sa biyu ne, ɗigo 10 daga kowace, kuma dole a girgiza kwalba ta biyu da ƙarfi na daƙiƙa 30 kafin a ɗiga, a girgiza bututun na minti 1, a jira minti 5. Wanda ya yi sakaci da girgizar zai sami sakamako ƙasa da gaskiya, ya zaci ruwansa lafiya lau ne. Ko an bi ƙa'ida, matakan katin suna da tazara, daga 0 zuwa 5, 10, 20, 40, 80 har 160 na miligiram a kowace lita, kuma launin 10 da na 20 suna kama da juna sosai. Karanta su a hasken rana tare da jingina bututun da farin ɓangaren katin yana taimakawa. Ga tankin kifi zalla wannan ya wadatar, tunda abin nema shi ne a san lokacin canjin ruwa, wanda aka saba yi da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 duk mako ɗaya ko biyu.

Babban abin da babu a cikinsa shi ne ma'aunin gishiri, wanda dole a saya daban, kuma na'urar da ake leƙawa ta ido ta fi ta roba mai allura daidaito. Gishirin teku kusan giram 35 ne a kowane kilo na ruwa, abin da ma'auni ke nunawa wajen 1.025 zuwa 1.026. Idan ruwa ya ragu saboda tururi, gishirin yana nan bai tafi ba, don haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa. Haka nan akwatin ba ya auna kalsiyam da maganiziyam da fosfet da ƙarfin alkali (wato ƙarfin ruwa na hana pH faɗuwa), waɗanda mai niyyar kiwon murjani, halittar teku mai kama da dutse, ba zai iya yi ba tare da su ba.

Idan lokacin zuba kifi ya yi, akwatin yana ci gaba da aiki, domin kowane sabon kifi ƙarin nauyi ne a kan bakteriyar. A tanki mai lita 75 zuwa 110, da zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 26, ina ba da shawarar a fara da kifin kilawun biyu na jinsin Amphiprion ocellaris, ƙananan kifaye masu ruwan goro da ratsin fari, musamman waɗanda aka haifa a wurin kiwo, saboda sun saba da abincin da ake sayarwa kuma suna da juriya. Bayan mako biyu ko uku, in amoniya ba ta motsa ba, sai a ƙara ɗan kifin gobi, tare da dodon koɗi kaɗan da za su ci gansakuka. Shi kuwa shuɗin kifi na jinsin Paracanthurus hepatus, duk da ɗaukar ido da yake yi, yana kaiwa santimita 30 kuma yana buƙatar wurin iyo mai faɗi, don haka bai dace da ƙaramin tanki ba. Ya fi kyau kowane sabon kifi ya yi makonni a wani ƙaramin tanki na keɓewa, inda za a iya yi masa magani, tunda maganin tagulla da ake amfani da shi kan cutar farin ɗigo yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani.

Ga mai farawa da kifi zalla, wannan akwati tare da ma'aunin gishiri da na zafi sun isa tafiyar shekarar farko. A duba ranar ƙarewar aiki da ke jikin kowace kwalba kafin a saya, a riƙe kwalbar a tsaye daidai lokacin ɗigawa domin ɗigon ya zama ɗaya, a kuma rubuta kowane sakamako da kwanan wata a littafi.