Daga Kalifoniya: Mun Ɗaura wa Tsohuwar Ford Sababbin Ƙafafu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan su Inna da yara suna lafiya. Ka tambaya ko har yanzu ina riƙe sifana. Ina riƙewa, sai dai motar da nake yini a ƙarƙashinta ta girmi Baba.

Ford ce ta 1932. Irinta suke kira hot rod: a samo tsohuwar mota, a rage mata nauyi, a dasa mata ƙaton inji V8, a sauke ta ƙasa-ƙasa. A nan kudancin Kalifoniya abin ya samo asali, inda samari ke tsere a busassun tafkunan hamada irin su El Mirage tun kafin yaƙin duniya na biyu.

Makon jiya muka ɗaura mata ƙafafun gaba. Maigidan garejinmu, wani dattijo, daga kan kujerarsa ya yi odar kayan daga Speedway Motors da ke Nebraska, shagon da ke wannan harka tun 1952. Kwana kaɗan sai ga kwalaye a bakin ƙofa: aksil mai lanƙwasa da ke sauke gaban mota da inci 4, sifirin guda ɗaya da ke kwanciya a gicciye, shokozoba biyu, da sanduna huɗu masu riƙe aksil ɗin. Ga takardar bayani, kuma abin da bai shiga ba a mayar. Sai na tuna yadda muke ɗaukar tsohon ƙarfe a hannu mu zaga Ƙofar Ruwa muna gwadawa rumfa-rumfa. Har kayan aiki ana ara a shaguna irin su AutoZone. Ka ajiye kuɗi, in ka dawo da shi a ba ka abinka cif.

Abu biyu sun ba ni kunya. Na farko, notunansu na inci ne. Na sa sifana lamba 14 ta milimita a kan noti mai inci 9/16, ta ƙi shiga. Na biyu, na tashi ɗaure bushin mota tana kan jak, dattijon ya riƙe mini hannu. Wai sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bushin nawa muka kashe haka, Yaya, muna zagin mai kaya? Kuma ba a ƙara bututu a kan sifana. Akwai mai awo, da noti ya kai ƙa'ida za ta ce ƙas, sai ka tsaya.

Amma aikin hannu a nan tsada! Gareji yakan caji sama da dala 100 a awa ɗaya, kuma yawancinsu ba sa gyara, canzawa kawai suke yi. Da mazaunin shokozoba ya ƙi daidaita, don ƙarfen shekara casa'in ya ɗan karkace, dattijon har ya fara lissafin sabuwar oda. Na yanka, na buga, na yi walda kafin la'asar. Ya daɗe yana shafa wurin, sannan ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce yayana.

Motar kuwa ko layinmu ba za ta iya wucewa ba da damina, cikinta zai kwashi ƙasa.

Zan ba mai zuwa gida sifanar awon ya kawo maka, da kawunanta na milimita. Don Allah kada yaran gareji su sa mata bututu.