Keken Gwanjo Mai Firam na Alminiyum: Ko Farin Garin Jikinsa Abin Tsoro Ne?

Keken da na saya a wurin masu sayar da kekunan gwanjo firam ɗinsa, wato gangar jikinsa, na alminiyum ne samfurin 6061, wani nau'in alminiyum da ake yin kekuna da shi, kuma rashin nauyinsa ne ya fara jan hankalina. Alminiyum ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, domin da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ke kare abin da ke ciki. Saboda haka farin garin da ya fito inda fenti ya kankare bai dame ni ba, da na goge shi na tarar da ƙarfen sumul.

Matsalar tana inda ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu. Notunan baƙin ƙarfe da ke riƙe mazaunin gorar ruwa sun ci alminiyum ɗin da ke kewaye da su, domin gishirin gumi da danshi suna sa alminiyum ya riƙa zaizayewa a irin wannan mahaɗa, kuma bututun sirdi ya kafe sai da makaniki ya sha fama kafin ya fitar da shi ya shafa giris.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wuraren walda, kuma a nan ban ga tsagewa ko rami mai zurfi ba. Da na ga tsagewa ko da siririya ce, da ban saye shi ba, domin tsagewar alminiyum ƙaruwa take yi har firam ya karye ana cikin tafiya. A farashinsa, keken ya cancanci saye, muddin an duba shi da rana tsaka.